Cinikin Biri A Sama: Wa Zai Biya Telan Briqueterie Kuɗin Akwatinsa?

Duk wanda ya san unguwar Briqueterie da ke cikin birnin Yawunde, ya san akwai abubuwa uku da ba sa yankewa a cikinta dare da rana, wato ƙarar keken ɗinki, hayaƙin tsire da kuma gardamar ƙwallo. To a 'yan kwanakin nan an samu ƙarin na huɗu, shi ne cacar baki tsakanin masu sayen 'yan akwatunan nan na kallo ta intanet da samarin da suka sayar masu da su. Ɗaya daga cikin irin wannan taƙaddama a kan idona aka yi ta, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami a yau, domin na lura kowa kuka yake yi, amma ba kowa ne ya san wanda ya mare shi ba.

Wani tela ne maƙwabcina, dattijo mai 'ya'ya da jikoki, ya gaji da biyan kuɗin wata ga masu jan wayar kebul, waɗanda in an yi ruwa hoto ya ɗauke, in an yi iska ma ya ɗauke. Sai wani yaro ɗan unguwarmu da ya koyi gyaran waya a Avenue Kennedy ya kawo masa wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, ya haɗa masa da talabijin ɗin shago, ya ce: "Kawu, wannan in ka saya ka huta. Babu kuɗin wata, data kawai za ka riƙa sa masa. Duk ƙwallon duniya da finafinai suna ciki, har abada." Dattijo ya ƙirga sefa dubu 35 ya miƙa. Aka yi wata bakwai ana shan kallo, shagon ya zama majalisa, musamman tun da Bryan Mbeumo ya koma Manchester United a 2025, kowane ɗan Kamaru ya zama mai ruwa da tsaki a gasar Ingila. Ranar wata Asabar, benci ya cika, an kawo shayi, aka danna rimot, sai ga wani rubutu da Faransanci ya tsaya ƙememe a fuskar talabijin, wai an dakatar da wannan manhaja. Aka kashe aka kunna, aka zare waya aka mayar, shiru kake ji.

Da aka kira yaron ya zo, dattijo ya ce masa: "Kai yaro, ka ce mini har abada. Wata bakwai ne har abadan naka?" Yaro ya ce: "Wallahi Kawu ba ni na rufe ba, daga can ne. Akwatin nan lafiyarsa ƙalau, duba ka gani, YouTube yana yi." Dattijo ya ce: "Ni YouTube na saya a hannunka? Ga shi nan a wayar jikata kyauta!"

Abin lura a nan shi ne su duka biyun gaskiya suka faɗa. Akwatin bai lalace ba, kuma abin da aka saye shi dominsa ya tafi.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin yadda abin yake, domin da yawanmu muna amfani da shi ba tare da mun san cikinsa ba. Shi wannan akwati babu tasha ko ɗaya a cikinsa. 'Yar ƙaramar kwamfuta ce kawai, kamar wayar hannu marar fuska, manhajojin da aka zuba mata su ne ke jawo hoto daga intanet. Su kuwa manhajojin iri biyu ne. Akwai waɗanda kamfanin da ya ƙera na'urar ya tantance, ya buga masu hatiminsa, ya ajiye a rumbunsa. Akwai kuma waɗanda ake shigarwa ta ɓarauniyar hanya, daga filashi ko daga wani shafi, ba tare da kamfani ya san da zamansu ba. Wannan kashi na biyu shi ne jarin samarinmu, domin a cikinsa ne ake samun manhajojin da ke kwaso wasanni da finafinan da wasu suka biya maƙudan kuɗi suka mallaka, su raba wa duniya a ɓagas. Shekara da shekaru kamfanoni suna gani suna kawar da kai, domin wannan kafa da suka bari a buɗe ita ce ke sayar masu da kaya. Yanzu ne suka fara toshe ta.

Misali mafi girma shi ne na kamfanin Amazon na Amurka, mai na'urar Fire TV Stick da ya fito da ita tun 2014. A ƙarshen 2025 kamfanin ya sanar cewa zai riƙa rufe duk manhajar da aka gano tana ba da damar kallon kayan sata, ko da kuwa mai na'urar ne ya shigar da ita da hannunsa daga waje. Ya fara da Faransa da Jamus, da niyyar game duniya baki ɗaya. Yana yin wannan aiki ne tare da ƙungiyar ACE, wata gamayyar manyan kamfanonin fim da talabijin da aka kafa a 2017 don yaƙi da satar fasaha, kuma Canal+ da muka sani a nan yana cikin waɗanda suka kafa ta. Bai tsaya nan ba, a shekarar 2025 ɗin ya fito da sabuwar na'ura mai suna Fire TV Stick 4K Select, wadda aka gina a kan wani tsari na daban da ake kira Vega, ita kam tun daga masana'anta ba ta karɓar komai sai abin da ke rumbun kamfanin. Shi ma Google a watan Agusta na 2025 ya sanar cewa zai wajabta wa duk mai ƙirƙirar manhajar Android ya yi rajista a san ko shi wane ne kafin manhajarsa ta shiga wayoyin da kamfanin ya tantance, inda ya sa 2026 a matsayin lokacin farawa a ƙasashe huɗu: Brazil, Indonesiya, Singafo da Thailand. Da surutu ya yi yawa ne ya ce zai bar wata 'yar ƙofa ga waɗanda suka san abin da suke yi. Idan ba a manta ba, haka WhatsApp ya yi a 2019 lokacin da ya shiga rufe lambobin masu amfani da GB WhatsApp, matasa suka yi ta salati. Ke nan ba iskar rana ɗaya ba ce, damina ce ta sauya.

To shin kamfanonin nan suna da hujja? Ni dai a nawa ganin suna da ita, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta don kawai ana jin haushinsu. Ƙwallon nan da muke kallo ba daga sama yake faɗowa ba. A watan Disamba na 2023 hukumar gasar Firimiya ta sayar da izinin nuna wasanninta a cikin Birtaniya kaɗai, na shekara huɗu, a kan fam biliyan 6.7. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai naɗe hannu ya ga ana rabon kayansa a kasuwa ba. A Ingila ɗin ma, a 2023 kotu ta ɗaure wasu mutum biyar masu sayar da irin wannan kallo na sata, jimillar ɗaurin ya haura shekara 30. Amma ba sai mun je Turai ba. Mu Hausawa mun ga abin da satar fasaha ta yi wa masana'antar finafinanmu ta Kano. Akwai lokacin da kaset da faifan Hausa ke tasowa daga kasuwar Ƙofar Wambai su ratso ta Garwa da Ngaundere har su iso shagunan Briqueterie, mai fim ya ci, dillali ya ci, ɗan kasuwa ya ci. Masu kwafi da masu tura fim a waya suka durƙusar da wannan kasuwa, har masu shirya finafinai suka koma dogaro da Arewa24 da YouTube. Wanda ya yi kukan mutuwar kasuwar faifai, bai kamata ya riƙa tafa wa ɓarawon hoto ba don kawai wannan karon Bature aka yi wa satar.

Akwai kuma hujja ta biyu da samarin Avenue Kennedy ba sa faɗa wa mai saye, wataƙila ma su kansu ba su sani ba. A watan Yuni na 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wata cutar kwamfuta mai suna BadBox 2.0, wadda ake samu a cikin akwatunan kallo masu araha marasa hatimi, wasu tun kafin a fito da su daga kwali. Wata guda bayan haka Google ya shigar da ƙara a New York, yana cewa na'urori sama da miliyan 10 ne suka kamu. Aikin cutar shi ne ta mayar da akwatinka bawan wasu ɓarayi da ke wata uwa duniya, su riƙa bi ta layinka suna damfara, da datarka, da sunan gidanka. A garin da jarin mutum ke kwana cikin Orange Money da MTN MoMo, wannan ba abin wasa ba ne. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Duk da haka ban yarda a ce mai saye ya yi shiru ya haɗiye ba, domin akwai inda kamfanonin suka wuce gona da iri.

A al'adar kasuwa da muka gada, in an yi ciniki an ce "Allah Ya sa albarka," an miƙa kuɗi an karɓi kaya, to magana ta ƙare. Wanda ya sayar wa telan nan keken ɗinkinsa shekara talatin da suka wuce, ba shi da ikon ya lallaɓo cikin dare ya zare allura, wai don ya ji labarin ana ɗinka yadin fasa-ƙwauri da shi. In akwai laifi, hukuma ce za ta bi, ba mai keke ba. Amma su waɗannan na'urori, ka biya kuɗinka lakadan, kayan yana ɗakinka, makullin kuma yana aljihun wani a Amurka. Duk daren da ya ga dama sai ya shigo ta intanet da sunan sabuntawa, ya sauya abin da ka saya, kai kana barci. Mai gida ne kai ko ɗan haya? Wannan ita ce tambayar da ke ƙarƙashin fushin jama'a, ko da ba su iya furta ta haka ba. Kuma ba yau aka fara ba. A 2009 Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle da ke hannun mutane ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 da suka riga suka saya, sai da shugaban kamfanin Jeff Bezos ya fito ya ba da haƙuri. A 2010 Sony ya cire wani sashe na PlayStation 3 da ya yi talla da shi, masu saye suka kai shi kotu, aka yi ta shari'a har ya amince ya biya diyya. A 2024 Spotify ya kashe wata na'urarsa ta sauraren kiɗa a mota ɗungurungum, sai da aka yi masa ca sannan ya yarda ya mayar da kuɗi. Abin ya kai ga jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 da ta hana kamfani ya rubuta "saya" a kan fim ko waƙa ko wasan intanet alhali aro ne yake ba ka, sai in ya bayyana haka ƙarara.

Mai karatu ya lura da abu guda a duk waɗannan misalai: can akwai wanda ake kamawa. Akwai rasit, akwai kotu, akwai ofishi mai ƙofa. Mu fa? Amazon ba shi da kanti a Kamaru. Na'urorin nan a jakar matafiya suke shigowa daga Faransa da Dubai, marasa suna kuma cikin kwantena daga ƙasar Sin. Ranar da aka rufe, Bafaranshe yana da lambar da zai kira ya yi masifa, shi kuwa ɗan Briqueterie sai dai ya cafke rigar ɗan maƙwabcinsa.

Sannan akwai bambanci tsakanin kama ɓarawo da rufe kasuwa gaba ɗaya. In an ce an toshe manhaja kaza don an same ta da kayan sata, wannan magana ce. Amma na'urar da aka ƙera ta yadda ba za ta karɓi komai ba sai abin da kamfani ya sa wa albarka, ta haɗa mai laifi da marar laifi ta yi masu kuɗin goro. Ba duk manhaja marar hatimi ce ta sata ba. Wani ɗalibi a Marwa ko Zariya zai iya haɗa manhajar da ke kawo gidajen rediyon Hausa wuri guda, ko karatun malamai, ko darasin yara da Fulatanci, da izinin masu abin. Shi ba shi da lauya, ba shi da katin banki na ƙasar waje, wataƙila ma wanda zai duba manhajar tasa a can bai taɓa jin akwai wani harshe wai shi Hausa ba. In aka rufe ƙofar baya, ta gaba kuma aka sa mata mai gadi da ba ya jin yarensa, ina zai bi? Kada kuma a manta cewa mai gadin nan shi ma ɗan kasuwa ne. Amazon yana da Prime Video da yake son a biya a kalla. Wanda ke sayar da tuwo a bakin ƙofa, shi aka ba ikon cewa wane abinci ne zai shiga gida.

Abu na ƙarshe da zan ɗora wa manyan shi ne tsada. Mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta yanka a 2023 ga ma'aikatan kamfanoni da ba na noma ba shi ne sefa dubu 60 a wata. A cikinsa za a biya haya a Yawunde, a biya wuta, a sayi buhun shinkafa. Magidanci irin wannan ba ƙin halal yake yi ba, halal ɗin ce aka rataye inda hannunsa ba ya kaiwa. A watan Satumba na 2025 kuma Canal+ ya karɓe ragamar MultiChoice mai DStv da SuperSport, wato manyan rijiyoyi biyu da nahiyar nan ke shan ƙwallo a cikinsu sun koma hannun mai guga ɗaya. Wanda ya toshe ɓarauniyar hanya, ya kamata ya gyara ta gaskiya: a samu tsarin da mutum zai biya kuɗin wasa ɗaya ko na yini ɗaya daga wayarsa, kamar yadda yake sayen data. Matuƙar ba a yi haka ba, yau a rufe wannan manhaja, gobe wata ta ɓullo da sabon suna.

Yanzu bari in dawo gida, domin a shari'ar telan nan ba Amurka za mu je neman mai laifi ba. Shi yaron da ya sayar, me ya sayar? Ba akwati ya sayar ba, alƙawari ya sayar. Akwatin a karan kansa bai kai rabin kuɗin ba, sauran duk kuɗin "har abada" ne. Ya sayar da abin da ba nasa ba, wanda ba ya hannunsa, kuma bai san ranar da za a ɗauke shi ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma a unguwar da kusan kowane ɗan kasuwa ya zauna gaban malami ya ji hukuncin sayar da kifi a ruwa da tsuntsu a sama, bai kamata sai an tuna mana ba. Na san yaran nan neman halaliyarsu suke yi, gara su da masu zaman kashe wando, kuma na san da yawansu su ma wani ne ya yaudare su daga sama. Amma rashin sani ba ya mayar wa mai saye kuɗinsa. Dokar kare haƙƙin mai saye ta ranar 6 ga Mayu, 2011, ta tanadi cewa a yi wa mutum cikakken bayani na gaskiya kan abin da zai saya. Dokar haƙƙin mallakar fasaha ta Disamba 2000 kuma ta ɗauki yaɗa aikin wani ba da izininsa ba a matsayin laifin da ake ɗauri a kansa. Ke nan yaron da ke zuba waɗannan manhajoji yana tsaye ne tsakanin wuta biyu, shi kuwa yana ganin kamar gyaran waya ne kawai yake yi.

Abin da nake roƙon shugabannin 'yan kasuwa da iyayen unguwa ba mai yawa ba ne. A daina sayar da akwati da kalmar "kyauta har abada." A raba kuɗin na'ura daban, kuɗin haɗawa daban, a rubuta a takarda ko da ta littafin makaranta ce. A faɗa wa mai saye baki da baki cewa manhajar nan ba ta da izini, ana iya rufe ta gobe, kuma in an rufe ga abin da za a mayar masa. In ya ji haka ya ce ya yarda, to ya sayi birinsa yana kallonsa a kan bishiya. Ita ma Ma'aikatar Ciniki, da jami'anta ba sa gajiya da zagayen duba farashi da ma'auni a Mokolo, ta riƙa leƙa irin waɗannan kwalaye da ake rubuta wa dubban tashoshi a jiki.

Shi ma Kawu tela ban wanke shi tas ba, kuma na faɗa masa a gaban jama'a, da ladabi. Mutumin da in aka kawo masa shadda aka ce gezna ce a kan kuɗin atamfa, zai murza ta a yatsa ya yi dariya ya mayar, yaya aka yi ya yarda cewa duk ƙwallon duniya zai zo masa har abada a kan sefa dubu 35? Ya sani, kamar yadda duk muka sani. Daɗin kallo ne ya hana mu tambaya.

Maganar dai ba ta kai ga 'yan sanda ba. Bayan sallar la'asar mahaifin yaron ya zo da kansa, aka zauna a kan bencin shagon, wani Alhaji mai sayar da yadi ya shiga tsakani. Aka yanke cewa tunda akwatin yana aiki kuma an mori wata bakwai, tela zai riƙe kayansa, yaro kuma zai mayar da sefa dubu 15, biyar-biyar duk wata. Aka yi musabaha, aka shafa fatiha.

Ana shirin watsewa ne yaron ya matso kusa da dattijon ya rage murya, ya ce: "Kawu, akwai wata sabuwa da aka turo mini jiya, ita ba su gano ta ba tukuna. In sa maka?" Dattijo ya dube ni, ya dubi Alhaji mai yadi, sannan ya dubi agogon bango. Saura minti ashirin a take wasa. Ya ce: "Ita kuma nawa ce?"